Daga Igiyar Masar zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Auna Lanƙwasasshen Layi

Miƙaƙƙen abu ba ya ba mai awo wahala. Ka aza ma'auni a bakin nan, ka karanta lamba a bakin can, magana ta ƙare. Abin da ya lanƙwashe kuwa, kamar gaɓar kogi ko wutsiyar harafi a allon shago, ma'auni ba ya kwanciya a jikinsa. Dabarar da mutane suka fara yi ita ce wadda tela yake yi har gobe idan zai auna wuyan riga: a bi lanƙwasar da abu mai laushi, sannan a miƙe shi a karanta. Manhajar zane ba ta da zare. Duk da haka, idan mai zane ya ja layi mai karkace-karkace a CorelDRAW ko Illustrator ko Inkscape ya nemi tsawonsa, sai ta ba shi amsa har da lambobi uku bayan ɗigo. Amsar nan ƙiyasi ce, kuma hanyar da aka bi aka same ta ta girmi kwamfuta da shekara fiye da 2,000.

Masu jan igiya da mutumin Sirakus

Herodotus, Bagirken da ya zaga Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya rubuta cewa idan kogin Nilu ya cinye wani sashe na gonar mutum, sarki kan tura ma'aikata su auna abin da ya rage don a sassauta masa haraji. A ganinsa daga nan ilimin awon ƙasa ya samo asali. Wannan ra'ayinsa ne. Abin da ake da shaidarsa shi ne igiyar kanta: a kabarin Menna, wani magatakardan gonaki da ya rayu wajen shekara 1,400 kafin Miladiyya, akwai zanen mutane suna jan igiyar awo a cikin gonar hatsi. Labarin da ake yawan ji a aji kuwa, wai igiyar tana da ƙulli 12 kuma da ita suke fitar da kusurwar gini ta hanyar gefe 3 da 4 da 5, hasashe ne na wani masanin tarihin lissafi Bajamushe, Moritz Cantor, a ƙarni na 19. Babu rubutun Misirawa da ya faɗi haka.

Igiya ta ishi mai karɓar haraji, amma tana saki, tana jiƙa, hannun mai riƙe ta kuma yana rawa. Wanda ya fara auna lanƙwasa da hujja zalla, ba tare da ya taɓa ta ba, shi ne Arkimidis na birnin Sirakus da ke tsibirin Sisili, wanda aka haifa wajen 287 kafin Miladiyya. Ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira, kusurwoyinta suna taɓa da'irar. Ya zana wata a waje, gefenta suna shafar da'irar. Ta ciki ta gaza kewayen, ta waje ta zarce shi, gaskiya tana tsakani. Sai ya ninka yawan gefen zuwa 12, zuwa 24, zuwa 48, zuwa 96, kowane karo tazarar tana tsukewa. Da ya tsaya, ya tabbatar da cewa idan aka raba kewayen da'ira da faɗinta, abin da za a samu ya fi 223/71 amma bai kai 22/7 ba. Wato 22/7 ɗin da 'yan makaranta suke haddacewa shingen sama ne kawai.

A wani littafin nasa ya shimfiɗa sharuɗɗa biyu da wannan aiki ya dogara a kansu. Na farko, tsakanin ɗigo biyu babu hanyar da ta kai miƙaƙƙiya gajarta. Na biyu, idan layi biyu suka tashi daga wuri ɗaya suka sauka wuri ɗaya, kuma duka sun lanƙwashe ta ɓangare ɗaya, wanda ke ciki ya fi na waje gajarta. A riƙe waɗannan biyun, don za su sake ɓullowa a 1997.

An san cewa ya mutu a 212 kafin Miladiyya, lokacin da Romawa suka ci Sirakus ƙarƙashin Marcellus. Yadda ya mutu kuwa ruwayoyi ne. An ce soja ya same shi yana zane a ƙasa, ya roƙe shi kada ya ɓata masa zanen, sojan ya sare shi. Plutarch, wanda ya rubuta labarin bayan kusan shekara 300, shi kansa ruwaya fiye da ɗaya ya kawo.

Hanyar yanka da'ira gunduwa-gunduwa ta ɓullo a ƙasar Sin ma, inda Liu Hui ya yi aiki da ita a shekarar 263 Miladiyya. Wani da ya kai ta nesa ƙwarai shi ne Jamshid al-Kashi, mutumin Kashan ta Farisa, wanda ya zauna a Samarkand ƙarƙashin Ulugh Beg, jikan Taimur. A 1424 ya yi lissafi da siffa mai gefe 805,306,368, ya fitar da amsa daidai har lamba 16 bayan ɗigo. Abin da ya fi yawan gefen muhimmanci shi ne yadda ya zaɓe shi. Tun farko ya yanke iyakar kuskuren da zai lamunta: yana so ko da an auna da'irar da faɗinta ya ninka na duniya sau 600,000, kuskuren kada ya kai kaurin gashin doki. Daga wannan sharaɗi ya lissafo yawan gefen da yake buƙata. Manhajojin zane da yawa na yau haka suke aiki, a faɗa musu iyakar kuskure, su kuma su san inda za su daina yanka.

1637 zuwa 1659: abin da aka ce ba zai yiwu ba

Tun zamanin Aristotal masana sun tsaya a kan cewa lanƙwasasshe da miƙaƙƙe jinsi biyu ne da ba a iya daidaita su cif-cif. A 1637 René Descartes ya nanata haka a littafinsa na lissafin siffofi: ba a san dangantakar da ke tsakaninsu ba, kuma a zatonsa ɗan Adam ba zai iya saninta ba. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A wannan shekarar aka haifi William Neile a Ingila, kuma a 1657, yana ɗan shekara 19, ya fitar da tsawon wata lanƙwasa ta aljabara daidai wa daida, babu ƙiyasi a ciki.

Ba shi ne ya fara tsaga katangar ba. A 1645 Torricelli na Italiya ya nuna cewa wani irin layi mai murɗawa, wanda yake zagaya tsakiyarsa ba adadi yana ƙara tsukewa, tsawonsa yana da iyaka kuma ana iya faɗarsa. Thomas Harriot na Ingila ya riga shi da kusan shekara 50, sai dai bai buga ba.

A 1658 aka shiga rububin wata lanƙwasar. Ka buga ƙusa a bakin tayar amalanke ka tura ta, hanyar da ƙusar za ta bi a iska, ta tashi daga ƙasa ta yi baka ta sake sauka, ita ce ake magana. Blaise Pascal ya sa gasa a kanta. An ce ciwon haƙori ne ya hana shi barci, ya kama tunaninta don ya manta da zogin. Wannan daga bakin danginsa aka ji. Abin da ke rubuce shi ne Christopher Wren, wanda daga baya ya gina cocin St Paul bayan gobarar Landan ta 1666, ya gano cewa tsawon bakan ya ninka faɗin tayar sau 4 cif. Taya da'ira ce, kewayenta ba ya faɗuwa da cikakkiyar lamba, amma hanyar ƙusarta tana faɗuwa.

A 1659 wani ɗan Holan, Hendrik van Heuraet, ya kawo hanya ta gaba ɗaya: ya mai da tambayar tsawon lanƙwasa ta koma tambayar girman filin da ke ƙarƙashin wata lanƙwasar daban. Inda aka buga aikin nasa shi ne abin dariyar, a cikin fassarar Latin ta littafin Descartes ɗin nan, wadda Frans van Schooten ya shirya. John Wallis da Christiaan Huygens sun yi ta ja-in-ja kan wanda ya riga wani tsakanin Neile da van Heuraet, kowa yana kare ɗan ƙasarsu.

Tushen da ya ƙi warwaruwa

Da Newton da Leibniz suka kafa kalkulas, wanda Leibniz ya fara bugawa a 1684, sai aka sami ƙa'ida ɗaya ga kowace lanƙwasa mai santsi. Ka ɗauki guntu ƙanƙane ƙwarai, wanda saboda ƙanƙantarsa ba a bambanta shi da miƙaƙƙe. Ya ɗan matsa gefe, ya ɗan hau sama. A ninka kowace tazara da kanta, a haɗa, a nemi lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar. Wannan lambar, wato tushe, ita ce tsawon guntun, bisa ƙa'idar Fitagoras. Sai a tara guntayen duka.

Rubuta ƙa'idar ba wuya, fitinar tana cikin tushen. Tun 1609 Kepler ya nuna cewa duniyar Mars tana bin matsattsiyar da'ira ce, mai kama da ƙwai. Girman filin irin wannan siffa yaro ma zai lissafa, amma kewayenta ya gagari manya. Euler ya taɓa, ya bar jerin lambobi marar ƙarshe. Legendre na Faransa ya shafe kusan shekara 40 a kan wannan dangin lissafi, ya tattara shi a manyan littattafai daga 1825, da jadawalin lambobin da ya lissafa da hannu. A shekarun 1830 Joseph Liouville ya tabbatar da cewa gazawar ba ta masana ba ce: irin wannan tarawa ba ta rubutuwa da ayyukan lissafi na yau da kullum, komai wayon mutum. Descartes ya yi kuskure da ya haɗa dukan lanƙwasa ya yi musu kuɗin goro, amma a kan yawancinsu bai yi nisa da gaskiya ba.

Tunda cikakkiyar amsa ta faskara, sai hankali ya koma kan ƙiyasi mai kyau da araha. Thomas Simpson ya buga wata hanya a 1743, wadda take auna wurare masu tazara ɗaya ta ba kowanne nauyinsa. A 1814 Gauss ya yi tambayar da ta fi: idan sau biyar kawai aka yarda ka auna, a ina ya kamata ka auna? Ya nuna cewa idan aka bar daidaita tazara, aka zaɓi wasu wurare na musamman da suka fi cunkushewa wajen bakin nan da bakin can, awo 5 zai yi aikin da sai kusan 10 za su yi a tsohon tsari. Taurari Gauss yake lissafi a lokacin. Masu rubuta manhajar zane da yawa yau jadawalin waɗannan wurare suke liƙawa a cikin aikinsu.

'Yar taya a kan taswira

Masu taswira da sojoji ba su jira kowa ba. A 1873 wani injiniya Bature ɗan Ingila, Edward Russell Morris, ya yi rajistar wata 'yar na'ura mai ƙaramar taya a baki: a gangara ta a kan hanya ko kogin da ke taswira, allura tana juyawa tana nuna tazarar. Irinta ta zauna a aljihun masu safiyo kusan shekara 100.

Taswirar ce ta tono matsalar da kalkulas ya tsallake. Lewis Fry Richardson, masanin hasashen yanayi ɗan Ingila mai ƙyamar yaƙi, yana binciken ko tsawon iyakar ƙasashe biyu yana da alaƙa da yawan faɗansu. Sai ya tarar Sifaniya ta ce iyakarta da Fotugal kilomita 987 ce, Fotugal kuma ta ce 1,214. Babu wanda ya yi ƙarya. Wanda ya auna da gajeren taki ya shiga lungunan da mai dogon taki ya tsallake. A da'ira, idan ka rage taki amsa tana natsuwa wuri ɗaya, yadda ta natsu wa Arkimidis. A gaɓar teku kuwa ƙaruwa take yi, ba ta tsayawa. An buga wannan aiki a 1961, shekara 8 bayan mutuwarsa, kuma a 1967 Benoit Mandelbrot ya ɗora a kai da maƙalarsa kan tsawon gaɓar Birtaniya a mujallar Science.

1959: masana'antun mota na Faransa

Lanƙwasar da ke cikin manhajar zane ba daga jami'a ta fito ba. Kafin kwamfuta, masu ƙera jirgin ruwa da na sama suna zana jikin jirgi a ƙasan wani faffaɗan ɗaki, da siririn katako mai lanƙwasuwa wanda ake dannewa da dunƙulen dalma. Masu mota kuma sukan gina siffar da yumɓu, a kwafe ta a katako, a kwafi katakon a ƙarfe, kowane kwafi da nasa kuskure. Da aka nuna injin sassaƙa ƙarfe mai bin umarnin lamba a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, sai buƙata ta sauya. Inji ba ya ganin yumɓu, sai an faɗa masa siffar murfin mota da lambobi.

Paul de Casteljau, matashin masanin lissafi da ya shiga kamfanin Citroën a 1958, ya warware wannan a 1959. Ɗigo huɗu sun isa su bayyana lanƙwasa: biyu su ne farko da ƙarshe, biyu kuma suna waje suna jan ta, ba tare da ta taka su ba. Don a sami tsakiyarta, a haɗa ɗigon huɗu da miƙaƙƙun layuka uku, a ɗauki tsakiyar kowanne. A haɗa waɗannan ukun da layi biyu, a ɗauki tsakiyarsu. A haɗa biyun, a ɗauki tsakiya. Wannan ɗigon na ƙarshe yana kan lanƙwasar, kuma ɗigogin da aka bari a hanya sun raba ta gida biyu, kowane gida da nasa ɗigo huɗu. Babu abin da ake buƙata sai tarawa da rabawa biyu, aikin da kwamfuta ba ta gajiya da shi.

Citroën ta kulle rahotanninsa a matsayin sirrin kamfani, sai a shekarun 1970 mutanen waje suka gan su. A can Renault kuwa, Pierre Bézier, injiniyan da ya shiga kamfanin tun 1933, ya iso ga lanƙwasa iri ɗaya ta tasa hanyar, kamfaninsa ya bar shi ya buga a shekarun 1960, ya kuma gina tsarin UNISURF a kanta. Shi ya sa sunansa ya bi ta. Kada a ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, don Bézier bai kwafi kowa ba. Laifin na masu kulle takarda ne. A 1972 Robin Forrest ya nuna cewa lissafin da ke ƙarƙashinta Sergei Bernstein ya riga ya rubuta shi tun 1912, don wata buƙata daban.

Mutanen nan biyu siffa suke nema. Tsawo bai dame su ba, kuma lanƙwasar da suka bari ta gaji wannan halin. Idan aka sa ta mai ɗigo huɗu a ƙa'idar kalkulas, tushen da yake fitowa ɗan gidan su matsattsiyar da'irar Legendre ne, wanda Liouville ya ce ba ya warwaruwa. Lambobi 8 kacal sun bayyana siffarta ba saura, amma tsawonta sai ƙiyasi. Ƙanwarta mai ɗigo uku, wadda Apple ya yi amfani da ita a haruffan TrueType a 1991, ita tana da cikakkiyar ƙa'ida, sai dai ba ita ce ta mamaye manhajojin zane ba.

1982 zuwa 1989: daga firinta zuwa hannun mai zane

A Disambar 1982 John Warnock da Charles Geschke suka bar cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto suka kafa Adobe. Harshensu na PostScript, wanda ya shiga firintar LaserWriter ta Apple a 1985, ya ɗauki lanƙwasa mai ɗigo huɗu ya mai da ita tubalin kowane harafi da kowane zane. Wannan shi ne zanen bekta: ba a ajiye hoto a matsayin tarin ƙananan ɗigogin launi, ana ajiye umarnin yadda za a ja layin, shi ya sa ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya dusashewa.

Firinta ba ta buga lanƙwasa kai tsaye. Sai ta daddatsa ta zuwa gajerun miƙaƙƙun layuka, kuma PostScript yana da umarnin setflat na faɗin iyakar kaucewar da za a lamunta, irin gashin dokin al-Kashi. Amma a cikin ɗaruruwan umarninsa babu ko ɗaya na tambayar tsawon layi. Littafin koyarwa da Adobe ya fitar a 1985 sai da ya nuna wa mutane yadda za su haɗa nasu: a daddatsa layin, a bi guntayen ɗaya bayan ɗaya da ƙa'idar Fitagoras, a tara. Shi ma don a daidaita tsinke-tsinken layi aka kawo shi, ba don wani yana son lambar ba.

Haka abin yake a wajen Donald Knuth. A manhajarsa ta zana haruffa, METAFONT, idan ka tambayi tsawon layi sai ta ba ka yawan gaɓoɓinsa. Sai da John Hobby ya gina MetaPost a kanta aka sami umarnin auna tsawo na gaskiya.

Illustrator ta fito a 1987, tare da kaset ɗin bidiyo na Warnock da kansa yana nuna yadda ake jan hannayen lanƙwasa, wato ɗigo biyun nan da suke jan ta daga waje, don masu zane ba su saba da alƙalamin da ba ya bin hannu ba. FreeHand ta biyo a 1988, CorelDRAW kuma ta fito daga Ottawa ta Kanada a 1989. Ita wannan ta ƙarshe ce ta zama abin hannun masu buga katin biki da allon talla a biranen Nijeriya, har ana ce mata Korel kawai. Dukansu an gina su ne don ido. Awon tsawo daga baya ya shigo, kuma har yau a lungu yake zaune: a Illustrator sai ka buɗe tagar bayanan takarda ka zaɓi bayanin abubuwa, a CorelDRAW kuma sai ka shiga bayanan lanƙwasar da ka zaɓa.

Ko da'ira ma, a yawancin waɗannan manhajoji, lanƙwasa huɗu ce aka haɗa, kowace da hannu mai tsawon 0.5523 na rabin faɗin. Tana kauce wa da'irar gaskiya da abin da bai wuce kashi 0.03 cikin 100 na rabin faɗin ba. A da'ira mai faɗin mita 2, wajen rubu'in milimita ke nan.

Shekarun 1990: Arkimidis ya dawo

Buƙatar tsawo ta ƙaru da aka fara jera rubutu a kan lanƙwasa da motsa abu a kan hanya a fim ɗin kwamfuta. A nan wata matsalar ta fito: ɗigon da yake zana lanƙwasar Bézier ba ya tafiya da gudu ɗaya, wani wuri ya ruga, wani wuri ya ja ƙafa. A 1991 Rida Farouki da Takis Sakkalis suka tabbatar da cewa in ban da miƙaƙƙen layi, babu lanƙwasa ta wannan dangi da za a sa ta tafi da gudu ɗaya. Shekara guda kafin nan sun ware wani ƙaramin rukuni da tushensa yake warwaruwa, tsawonsa ya fito cif.

A 1997 Jens Gravesen na Jami'ar Fasaha ta Denmak ya buga hanyar da ta fi kowace sauƙin fahimta. Miƙaƙƙen layin da ya haɗa farko da ƙarshe ya gaza lanƙwasar. Karyayyen layin da ya bi ta ɗigogin huɗu ya zarce ta. Shingen ƙasa da na sama ke nan, irin na mutumin Sirakus. A haɗa su a raba biyu. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa, a tsaga lanƙwasar da dabarar de Casteljau a maimaita a kowane gida.

Ga yadda yake a aikace. Ɗauki murabba'i mai gefen milimita 100, ka mai da kusurwoyinsa ɗigogin huɗu: farko a ƙasa hagu, hannaye biyu a sama, ƙarshe a ƙasa dama. Lanƙwasar za ta yi baka. Shingen ƙasa 100, na sama 300. Tsaga ta biyu, su koma 180.3 da 220.7. Sake tsagawa, 195.1 da 205.0, matsakaicinsu 200.03. Tazarar ta faɗo daga 200 zuwa 40 zuwa 10, kuma daga nan kowace tsaga tana rage ta zuwa kusan rubu'i. Wannan bakan yana cikin 'yan tsirarun nan na Farouki, tsawonsa 200 ne cif, shi ya sa ake iya ganin kusancin ƙiyasin. A kansa kuma ana ganin rashin daidaiton gudu: idan ɗigon ya ci rubu'in lokacinsa, ya riga ya yi milimita 59, ba 50 ba. Manhajar da ta jera haruffa bisa lokaci maimakon tsawo, sai su cunkushe a ƙoƙuwar bakan su warwatse a ƙafafunsa.

2001 zuwa yau

A ranar 4 ga Satumba 2001 hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da SVG, tsarin ajiye zanen bekta da kowa zai iya karantawa. A nan tsawon layi ya samu gurbi tun daga tushe: akwai umarnin getTotalLength na tambayar tsawon duka, da wani na tambayar inda mutum zai kasance bayan ya yi tafiya kaza a kan layin. Masu tsarin sun san ba a wajabta hanyar lissafi ɗaya ba, don haka suka bar wa mai zane damar rubuta tsawon da shi ya lissafa a jikin layin, manhaja ta daidaita nata da nasa. Har yau manhajojin shiga intanet sukan saɓa a lambobin ƙarshe na layi ɗaya.

Inkscape, wadda ta ɓalle daga wata manhajar zane mai suna Sodipodi a 2003 kuma kyauta ce, ta zo da ƙari mai suna Measure Path da yake rubuta tsawon a jikin layin. A tsohon fayil ɗin lissafinsa an ajiye hanyar Gravesen da ta Simpson gefe da gefe, aka zaɓi ta Simpson ta zama ta kullum: 1743 ta kayar da 1997.

Ga mai yanka da leza da ake biya bisa tsawon yanka, ko mai lissafin igiyar fitila da za ta zagaye haruffan allo, kuskuren lissafin nan ba ya kai kaurin alƙalami. Inda ake asara wani wuri ne daban. Manhajoji sun saɓa kan yawan ɗigon da ke cikin inci ɗaya: Illustrator ta gaji 72 daga PostScript. Inkscape ta daɗe a kan 90, sai a fitowar 0.92 ta Janairun 2017 ta koma 96 don ta dace da ƙa'idar intanet. Layin milimita 200 da aka ajiye bisa 90 aka buɗe bisa 96 zai karanta 187.5, wanda aka ajiye bisa 72 zai karanta 150. Harafi mai rami a ciki layi biyu ne, na waje da na ciki, manhaja kuma takan haɗa su ta ba da jimla. Layin da aka mai da kaurinsa siffa yana da gefe biyu, tsawonsa ya ninka.

Mafi wuyar ganewa ita ce matsalar Richardson. Idan aka ɗauki hoton kogi daga taswira aka bar manhaja ta bi shi da kanta, za ta dasa ƙulli, wato ɗigon da layin zai bi ta kansa, a kowane ɗan tsini na hoton, har da wanda datti ko rawar na'urar ɗauka ta haifar. Wani kuma ya bi kogin da hannu da ƙulli 40. Tsawon biyun zai bambanta sosai, alhali manhajar ta auna kowanne daidai har lamba uku bayan ɗigo. Don haka masu aikin taswira sukan faɗi ma'aunin taswirar da aka bi tare da tsawon, masu yanka kuma sukan sa murabba'i mai gefen milimita 100 a gefen zane, su fara auna shi a injin kafin su sa farashi.